Shekarar da Na Zama Harshen Babanku

Ummi da Sadiq, akwai maganar da kuka riƙe ni da ita tun shekarar da babanku ya rasu. Ke Ummi kin faɗe ta da bakinki sau ɗaya a kicin. Kai kuwa Sadiq ba ka taɓa furta ta ba, amma ina jin ta a gajartar gaisuwarka. Zan warware muku ita a rubuce, domin idan na ɗauko ta da baki Hausarku guduwa take yi, ni kuma Turancina bai kai nauyinta ba. Sai dai ku yi haƙuri in biyo ta kan shayin nan da kuka tashi kuna yi wa dariya, don a gaban tirensa aka yanke komai, ku kuwa babu wanda ya taɓa zama har ya sha kofi na biyu.

Muna gidan haya na unguwar Glenwood a nan Amurka ya fara shigo da shi, lokacin da ɗaliban jami'a suka sa mu a tsakiya, kekunansu a ɗaure jikin kowane shinge. Babanku yana aiki a ɗakin ajiyar wani kamfanin kujeru, ni ina bin gidajen tsofaffi ina yi musu wanka da girki. A wurin aikin ya yi aboki, wani mutumin ƙasar Sin mai suna Lin. Shi ma ba ya cin abincin kantin kamfani, sai suka riƙa zama gefe guda, kowa da kwanonsa na gida. Wata Asabar ya dawo da ɗan ƙunshi, ya kwance, na ga wani ganye a dunƙule kamar kashin awaki. Ya zuba shi a wani ɗan kwano mai murfi, ya kwarara ruwan zafi, ya zubar da na farko, ya sake zubawa, kafin in gama gyara ɗankwalina har ya tsiyaye shi a kofin da bai fi rabin ƙwai ba. Ba madara, ba sukari, ba citta, ba kanumfari. Na kurɓa na dube shi.

"Alhaji, wannan ai ruwan wankin ciyawa ne."

"Ulong sunansa. Ya wuce kore, bai kai baƙi ba. Ki ƙara, kada ki haɗiye da sauri."

Ban ƙara ba. Na juye shi a sinki, na haɗa nawa mai kauri na zauna da burodina. Haka muka yi ta tafiya shekara da shekaru, shi da nasa, ni da nawa, kuma ba wanda ya takura wa wani.

Da muka samu gidan McLeansville, tun kafin a kafa gado ya zaɓi ɗan ɗakin ajiyar da ke lungun falo ya ce na shayi ne. Ƙanin Lin yana aiko musu ganye daga can ƙasar Sin duk shekara su raba. Iri uku na sani da ido ko da yake ba na sha. Akwai dunƙulallen nan mai kore, wanda ba a gasa shi sosai ba, don haka ba ya jira, a shekararsa ake shanye shi. Akwai dogo baƙi a murɗe, na cikin duwatsu, wanda ake gasawa a kan gawayi. Shi idan sabo ne hayaƙi ke cika baki, sai an ajiye shi wutar ta kwanta sannan ainihinsa ya fito. Na ukun mai ƙanshin zuma ne, mai saurin fushi, idan ka bar shi a ruwa ka juya ka amsa sallama ka dawo ka tarar da maɗaci. Baƙin ne yake tarawa, a tulunan tangaran da gwangwanaye, ya toshe bakinsu tam. Ba ya rubuta musu komai a jiki, da abin da ya faru yake kiransu: na shekarar da Ummi ta shiga jami'a, na shekarar da guguwa ta kayar da itacen bayan gida, na shekarar da Hajiya kakarku ta rasu. Yakan ce abin da ke kashe su laima ce da rana da wari. Laimar garin nan kun san ta, lokacin zafi iska kamar rigar da ba ta bushe ba. Wari kuwa daga wajena yake zuwa. Ranar da kicin ya cika na kai daddawa da busasshen kifi ɗakin nan, mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba sai da ya kira sunana tun daga falo har maƙwabta suka kusa ji, duk da gonar da ke tsakaninmu da su.

Duk wanda ya tambaye shi me zai yi da tulunan nan, amsar ɗaya ce: sai mun koma gida. Zai zauna a zauren gidansu a Kano shi da yayansa, Baffanku Lawal, su riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Da wannan maganar kuka tashi. Ni ma na yarda da ita, domin a lokacin har zuciyarsa yake faɗa.

Shekarar da nake nufi ta fara da shaƙewar murya da muka ɗauka murar ƙarshen sanyi ce. Kafin itatuwa su gama fure aka gaya mana ciwon daji ne a maƙogwaro. Kun san asibitin, kun san gashin da aka yi ta yi masa da na'ura, ba sai na maimaita ba. Abin da ba ku gani ba shi ne ranar da ɗanɗano ya bar shi. Likita ta faɗa tun farko cewa hakan na iya faruwa, ya gyaɗa kai kamar da wani ake. Tuwo ya koma masa kwali, nama ya koma roba, ya ci gaba da ci a haka. Amma wata la'asar na dawo aiki na same shi a gaban tire, ya haɗa baƙin nan na shekarar da ta wuce, ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye da ƙyar, sannan ya ajiye kofin a hankali.

"Ƙarfe," ya ce. "Kamar na tsotsi mukulli."

Ya sake cikawa ya turo mini.

"Sha ki gaya mini."

Ƙafafuna a kumbure suke, na yini ina ɗaga wata tsohuwa da ta fi ni nauyi, ko la'asar ban yi ba. Na ɗaga na shanye na ce da daɗi.

"Da daɗi ba magana ba ce, Rabi. Kamar me?"

"Kamar shayi mana."

"Ki sake."

Ya sake tsiyayewa, sai na ajiye jakata na zauna sosai. Na kurɓa na bar shi ya zagaya bakina. Ƙanzo na fara ji, irin na shinkafar da ta kama gindin tukunya amma ba ta ƙone ba. Da na haɗiye, sai wani zaƙi ya taso daga can ƙasa, irin wanda ake ji idan an ci goro an bi shi da ruwa. Na gaya masa haka. Ya rufe ido ya daɗe.

"Shi ne. To wutar ba ta gama kwanciya ba. A mayar da shi, sai baɗi."

Ya ce sai baɗi, na tashi na yi alwala.

Daga ranar ya zama aikina na biyu, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce kullum da daɗin rai nake yinsa ba. Shayin nan idan ya sauka a cikin da babu komai jiri yake sa ni. Akwai ranakun da idan na iso gida nakan kashe mota in jingina kaina jikin sitiyari in ɗan tsaya, don na san yana ciki ya jera kofuna yana sauraren ƙarar ƙofa. Ga magungunansa, ga wankin tawul ɗin da yake tofa yawu, ga miyar da zan tace sau biyu ya sha cokali uku ya ture. Amma wannan ɗan lokacin na la'asar shi kaɗai ne a yini yake komawa mutumin da na aura. Ba ya zama majinyaci a gaban tiren. Ya san zafin ruwan da kowanne yake so, ya san lokacin tsiyayewa ba tare da duba agogo ba, ni nawa kawai in sha in nemo abin da ya yi kama da shi. Kuma duk abin da na nemo daga gida yake fitowa. Koren nan sabo na ce masa furen lalle ne da sassafe, da ɗan maiƙo a baya kamar man shanun da aka kaɗa yau. Mai zumar na ce zuma ce da ɓawon mangwaro, da baurin da ke kama gefen harshe. Da muka buɗe irinsa da ya yi shekara biyu a ajiye, ƙanshin ya ragu, amma fushin ma ya ragu, ya ce to ba a yi asara ba, ba a kuma ci riba ba. Akwai wani gwangwanin kore da ya ɓoye tun da daɗewa don ya gwada, duk da Lin ya hana shi. Na kurɓa na ɓata fuska.

"Tabarmar kaba ce da ruwa ya taɓa aka naɗe ba a shanya ba."

Ya yi dariya babu sauti, kafaɗunsa kawai ke motsi.

"Lin ya gaya mini. Kai shi gindin tumatir."

Tulun shekarar guguwa ne ya ɓata masa rai. Laima ta samu hanya ta murfin, ya yi tsami irin na kunun da ya kwana. Ya sa na kira Lin. Shi ma ya tsufa, ya zo da wata 'yar tukunyar gashi ta lantarki, suka zauna a gareji ya riƙa gasa ganyen da wuta kaɗan yana juyawa da hannu, ƙanshi ya cika gidan har labule. Suka yi ta musu, Lin da Turancinsa mai gutsuri, babanku da raɗa: shi Lin yana ganin tsohon shayi a riƙa ɗan gasa shi jefi-jefi don a kori laima, babanku yana ganin idan ka toshe shi da kyau ka ƙyale shi kawai, yawan wuta cinye shi yake yi. Da aka haɗa, tsamin ya ja baya amma bai tafi duka ba. Lin ya tambaye ni me na ji, na ce goruba. Ya ce mece ce goruba. Na duba babanku, ya duba ni, muka rasa yadda za mu yi da ita a Turanci, sai na nuna masa girmanta da hannu na ce ana gwagwiya. Ya gyaɗa kai kamar ya gane. Ranar babanku a hanci kawai ya riƙe kofinsa har ya huce.

Wajen ƙarshen zafi likitoci suka zaunar da mu suka ce abin ya bazu, za su tsayar da magani. Suka ce idan akwai inda yake son zuwa, yanzu ne, kafin ƙarfin ya ƙare. Ke Ummi kina wurin. Tun a mota kika fara neman jirgi, kika kira Baffanku, kika ɗauki hutu a wurin aiki don ki raka shi. Ban ga laifinki ba, abin da kika ji yana faɗa tun kina goye kika tashi yi masa. Washegari da la'asar ya sa na sauko da tulun da ya fi kowanne daɗewa, na shekarar da Hajiya ta rasu, wanda bai taɓa buɗewa ba. Ganyen ya yi baƙi ƙirin, ya yi sauƙi a hannu. Ruwansa ya fito ja kamar zoɓon da aka tsinka. Na kurɓa ban ji hayaƙi ko kaɗan ba. Tsamiya na ji da dabino, sai ƙanshin tsohuwar adakar da ake ajiye zannuwa, kuma ya wuce maƙogwaro sumul kamar ruwan randa. Na gaya masa ɗaya bayan ɗaya. Ya sa na maimaita maganar adakar. Sannan ya matso da bakinsa kusa da kunnena, don a lokacin sai haka ake jin sa.

"Rabi, ba zan tafi ba."

"Ummi ta kusa gama maganar jirgi. Yaya ya sa an share ɗakin Hajiya."

"Na sani."

"To duk shekarun nan da kake cewa sai mun koma fa?"

"Ina faɗa ina da ƙafafuna. Yanzu kaya za a kai musu." Ya huta, ya goge baki. "Idan aka binne ni a can, Yaya zai riƙa zuwa, shi ma ya kusa. Bayan shi wa? Sadiq rabonsa da Kano tun yana sakandare. 'Ya'yan Ummi ko gaisuwa ba su iya ba. A nan kuwa tafiyar da za a je a dawo ce kafin abinci ya huce. Ke kuma a can za ki yi takaba, a gidan da ba naki ba, yaranki suna wata duniya."

"To ka gaya wa Yaya."

Ya dubi kofin bai dube ni ba. Ku ba ku san abin da Baffanku yake a wurinsa ba. Mahaifinsu ya rasu babanku bai yi wayo ba, Baffa ne ya riƙe shi, ya kai shi makaranta, ya je ya nemo masa aurena, ya raka shi filin jirgi ranar da zai taho ƙasar nan. Ko a waya yake magana da shi sai ka ga ya gyara zama ya sauke murya. A iya zamana da shi ban taɓa jin ya ce masa a'a ba.

"Zan gaya masa," ya ce.

Ranar Juma'a Baffa ya kira. Ke Ummi kin zo da sabon akwati kina ɗaki kina ninke masa kaya. Na buɗe sautin wayar na ajiye a gabansa, tunda muryar babanku ba ta fita. Baffa ya yi ta magana da murna a bakinsa, ya ce an yi wa ɗakin fenti, an sa sabuwar katifa, 'yan'uwa na ƙauye sun ji labari suna shirin zuwa, ya ce ka taho gida ƙanena, ko me Allah zai yi ya same ka a cikinmu. Sannan ya tsaya jiran amsa. Babanku ya buɗe baki. Na san bambancin shirun da ciwo ke sa shi da wanda ba na ciwo ba. Ya rufe, ya sake buɗewa, gumi ya tsattsafo masa a goshi, sai ya juyo ya dube ni. Bai roƙe ni ba, ina so ku san wannan. Ni ce na miƙa hannu na ɗauki wayar.

"Yaya, ina wuni. Rabi ce. Ba zai zo ba."

"Likitoci ne suka hana?"

"A'a. Ni ce ban yarda ba."

"Ke a su wa? Ba ni ƙanena."

"Ya gaji, Yaya. Ba zan bari a ɗauke shi ba."

"Rabi, ni na je har gidanku na durƙusa. Yau ke ce za ki raba shi da ƙasar da aka binne uwarsa da ubansa? Ashe haka Amurka ta mayar da ke? Na bar ki da Allah."

Ya kashe. Da na ɗago kina tsaye a bakin ƙofa da rigarsa a hannu. Kika biyo ni kicin ina wanke kofuna, kika faɗa mini da Turanci cewa abu ɗaya ya roƙa duk rayuwarsa, abu ɗaya tak, ni kuma na hana shi don ba na son barin gidana da aikina. Ban juyo ba. Kika shiga kika tambaye shi, ya rufe ido ya yi kamar barci ya ɗauke shi, kika ɗauka na fi ƙarfinsa ne. Bayan kin tafi na koma na zauna a gabansa, na ce gobe zan kira ki in gaya miki yadda abin yake.

"Ki bar shi a haka muddin Yaya na da rai," ya ce. "Haushin matar ƙani zai iya haɗiye shi. Idan ya san ni ne na ƙi, da shi zai mutu."

"Yaran fa?"

"Ummi ba ta iya ɓoye wa Baffanta komai ba. Sadiq bai iya ɓoye wa Ummi ba."

"Ka ɗora mini kaya, Alhaji."

"Na sani. Ki yafe mini."

Na yafe masa a take, don ban ga lokacin da zan ajiye yafiyar sai wani jiƙon ba. Daga nan aka sa masa bututun abinci a ciki, ko ruwa ya daina bi ta bakinsa. Duk da haka bai bar tiren ba. Da hannunsa ya kasa ɗaga buta ni nake zubawa, shi ya ɗaga yatsa idan lokacin tsiyayewa ya yi. Kalmomina ma suka fara ƙarewa, na riƙa maimaita su goruba da ƙanzo, bai damu ba. Ya rasu da hantsi, lokacin da ganye ke zuba, kuna gefensa ku biyu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Abin da ya biyo baya kun ga rabinsa. Daga Kano ke Ummi aka riƙa kira ana yi wa gaisuwa, ni ba wanda ya nemi a ba ni waya sai 'yan'uwana. Matan masallaci suka kasu biyu, wasu suka zo suka zauna da ni, wasu suka aiko da abinci ba su shigo ba. Na yi takabata a gidan nan ni kaɗai, in leƙa taga in ga gona da motar da ke wucewa jefi-jefi. Ke kina aiko mijinki da cefane. Daga baya aka riƙa kawo mini jikoki a sauke su a bakin ƙofa a ɗaga mini hannu daga cikin mota. Ba faɗa muka yi ba, da faɗa ne da ya fi sauƙi. Ladabi ne mai sanyi, shekara bayan shekara, kuma kowace Sallah sai na yi shirin faɗa sannan in tuna Baffa yana nan da ransa. Na ba Lin duk mai zumar da sauran koren kafin su lalace. Baƙin na riƙe. Wanda ya ce a mayar sai baɗi na buɗe shi da baɗin ya zo, wutar ta kwanta kamar yadda ya faɗa, gasasshiyar gyaɗa ce da ɗinya. Na faɗa da ƙarfi a falo, sannan na ji kunyar kaina na wanke kofin.

Shekaru bayan haka Baffa ya zo ƙasar nan ganin likita a wurin ɗansa, kai Sadiq ka je ka ɗauko shi. A gidan Ummi ya sauka, a Pleasant Garden. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Da za a kai shi maƙabarta ziyarar kabarin babanku na bi ku a baya a motata, na tsaya a bakin ƙofa ban fito ba. Daga nan ina hangen komai. Na ga Sadiq ya shige gaba kai tsaye ba tare da ya tsaya karanta alluna ba. Na ga 'yan matan Ummi sun riga kowa isa sun tsuguna suna cire ciyawa, kamar abin da suka saba. Baffa ya daɗe a tsaye a kan sandarsa, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya shafa, ya sake ɗagawa. Da kuka fito ya bar ku ya nufo motata. Na sauke gilashi.

"Sun san wurin," ya ce.

"Sun sani, Yaya."

Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu. Ya dubi itatuwa, ya dubi hannuna a kan sitiyari, sai ya ce sanyin ƙasar nan yana taɓa masa gwiwa, ya juya ya shiga motarku. Iyakar maganar da muka yi ke nan har Allah ya karɓi ransa bayan ƙaramar Sallar da ta wuce. Ban san abin da ya gane ba, ban kuma tambaya ba. Na yi masa addu'a da zuciya ɗaya, don ya so ƙaninsa, kuma da abin da aka gaya masa ya yi hukunci.

To ga shi kun ji. Ba ina nema ku zo ku durƙusa a gabana ba ne. Ummi, kada ki kira ni kina kuka, ba ni da ƙarfin lallashi yanzu. Kada kuma ku juya haushin kan babanku. Mutum ne da ya ji nauyin yayansa, ya kuma so ya kwanta inda ƙafarku za ta iya kaiwa, sai ya rasa yadda zai haɗa biyun, ni kuma ina zaune a kusa. Da za a sake komawa ranar nan, zan sake ɗaukar wayar. Na dai gaji, gajiyar da barci ba ya ɗauke ta. Likitan ido ya ce in daina hawa babbar hanya, ni kuwa rabona da kabarin babanku tun kafin azumi. Ranar Juma'a wani a cikinku ya zo ya ɗauke ni mu je. Ba sai mun yi magana a mota ba.